Bido Huɗu a Jirgin Kawu

Ɗana na fari ne, saboda haka ba zan kama sunansa ba, ko a gida "yaron nan" nake ce masa. Bara da aka ba da sakamakon ƙarshen shekara, 6 cikin 20 ya kawo mini a lissafi. Yana aji na uku a kwalej, ni kuwa shekara 19 ke nan ina riƙe da alli a nan Maraɗi, mafi yawansu a ajin CM2. Duk wanda ya taɓa zama mushe ya san irin wannan kunya: kana gyara ɗiyan mutane, naka yana zubewa.

Daren ranar na ƙwace salularsa. Bayan kowa ya kwanta na buɗe ta, gabana yana faɗuwa, ina jiran in ga abin da kowane uba ke tsoron gani. Sai na iske bidiyo fiye da 40, dukansu na wasu Amurkawa ne zaune cikin ɗan siririn jirgin roba suna kamun kifi. A ƙarƙashin katifarsa kuma na samu wani kaye cike da zanen jirage, an ja layi an rubuta tsawo da faɗi. Na ce lallai a nan lissafin nasa ya tafi.

Sunan jirgin kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara na Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Da fatar dabbar teku suke yin sa, su ɗame ta bisa ƙashi ko itacen da ruwa ya turo gaɓa, su fita farauta da filafili mai baki biyu. Na yanzu da roba ake zuba shi, na kamun kifin tsawonsa mita 3 da rabi zuwa 4, faɗinsa bai cika mita ɗaya ba, mutum guda yake ɗauka. Abin da ya ɗauke hankalin yaron nan shi ne yadda suke shirya shi. Akwai ƴan bututu da ake kafawa a gefe don soka sandar fatsa, akwai akwatin kaya a bayan wurin zama, da wata na'ura mai aika sauti ƙarƙashin ruwa ta nuna zurfi da inda kifi yake. Anka ɗinsu igiyarsa na gudu bisa ƴar ƙaramar gargare, mutum yana zaune ya maida shi goshin jirgi ko gindinsa. Kowane abu kuma, daga filafili har wuƙa, an ɗaure shi da igiya don kada ya faɗa ruwa. Rabin waɗannan bidiyo talla ce kawai, mai magana yana son ka sayi abin da ke hannunsa. Wannan na gane shi tun a daren. Sauran rabin ne ban tsaya na duba ba.

Hukuncin da na yanke shi ne ya yi babban hutu a Madarumfa wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya tsufa cikin su. Na ce tunda kifi yake so, ya je ya ji ƙarninsa da sanyin asuba, ya dawo ya riƙe karatu da hannu biyu. Salular kuwa na jefa ta aljihuna.

Wanda bai san Madarumfa ba, kilomita 20 da ƴan kai ce kudu da Maraɗi. Gulbin Gabi ke zuba wa tabkin ruwa, kuma ya yi suna da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Da rani yana janyewa, amma in Agusta ta yi sai ya haye gonaki, ka hangi itatuwa tsaye cikin ruwa. Ana kama tarwaɗa da karfasa, wani lokaci a dace da giwan ruwa. Har gobe akwai masuntan da ba su da jirgi, sai babbar gora, mutum ya kwanta bisanta da ciki yana tuƙi da hannu da ƙafa.

Jirgin Kawu na katako ne, an liƙe haɗinsa da tsumma da kwalta. Abin da ke ciki za ka ƙirga da yatsu: filafili, gwangwalar turi, birgi, mamari a naɗe cikin ƙwarya, wuƙa, buhun zuba kifi, dutse ɗaure da igiya, sai yankakken bido na kwalfe ruwa. Tun ina yaro haka na san shi, abin da ya sake kawai shi ne bidon, da can ƙoƙo ne.

Bayan sati uku na hau mota na je in ga yadda horo ya kama. Na iske yaron nan ya yi baƙi, tafin hannunsa ya yi kanta, kuma ko kaɗan bai yi kama da mai nadama ba. Ashe ya lallashi tsohon har ya bar masa wani ƙaramin jirgi da aka jingine shekara biyu, sun liƙe shi tare, yana ta yi masa shiri irin na cikin salula da abin da ya tsinta. Ya yanka tiyon famfo guntu-guntu ya ɗaure a gefe da robar taya, wurin soka fatsa ke nan. Ya samo akwatin roba na kwalaben lemu ya girke a baya. Filafili yana ɗaure da igiya, wuƙa ma haka. A tsakiya ga wata karyayyar kujerar roba, an rage mata ƙafafu an ɗora bisa katakon zama. Ƙarƙashin katakan kuma ya cusa bido huɗu masu lita 25, babu komai ciki, an murɗe marafansu an ɗaure su tamau.

Na zauna gindin itace ina sauraren gardamarsu, irin ta kaka da jika, rabi wasa rabi gaske.

Tiyon nan Kawu ya sa an cire na gaba duka. Ya ce, "Kai abokina, su waɗancan da sanda suke kamu. Mu birgi muke jefawa. Birgi kuwa ko kan ƙusa ya gani sai ya kama, bare wannan ƙahonin da ka kafa." Yaron ya gwada jifa ɗaya, ragar ta sarƙe, ya kwance su da kansa, aka bar biyu a baya. Igiyar filafili Kawu ya yaba, don ya ce ya taɓa yini yana tuƙi da hannu saboda filafili ya suɓuce masa. Sai dai ya sa an gajarta ta, ya ce doguwar igiya cikin jirgi ƙafa take nema ranar da aka kife. Zancen na'urar ganin kifi dariya ya ba shi. Ya nuna wasu tsuntsaye da ke shawagi can gefen ciyawa, ya nuna inda kumfa ke tasowa, ya ce ga tasa na'urar nan, ba ta cin batir.

Kujera ce suka fi daɗewa a kanta. Kawu ya ce jirgi siriri ba ya son mutum ya yi sama, duk yadda ka ɗaga gindinka haka yake ƙara rawa. Yaron ya ce na cikin bidiyo ai da kujera suke. Ya manta cewa nasu mai kujerar gindinsa faffaɗa ne, an zuba shi ne don haka. Tsohon ya gaji ya ce, "Bar ta, ruwa zai gaya maka."

Da aka zo kan bido, Kawu ya ce wannan shirme ne, katako ai ba ya nutsewa, sun cinye wurin zuba kifi kawai. Sai na ji yaron nan ya buɗe baki yana bayani, abin da ban taɓa ji daga gare shi ba. Ya ce gaskiya ne katako ba ya nutsewa, amma in jirgi ya cika da ruwa bakinsa daidai da ruwan yake tsayawa, ga dutse ga raga, kana kwalfewa wani yana shigowa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Bido mai lita 25 in aka danna shi cikin ruwa, zai ɗaga kusan kilo 25, a cire nauyin robar. Huɗu sun kusa kilo 100. Mutumin da ke cikin ruwa yana riƙe da gefen jirgi kuwa ba duka nauyinsa yake ɗora masa ba, ruwa ya ɗauke masa mafi yawa. Wannan darasin Arshimed ne, wanda ni na hardace don jarrabawa ban taɓa jiƙa hannu a kansa ba. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To, gora ce dai ta Nasara." Ni ban ce komai ba. Uba ba ya yabon ɗan fari a gaban mutane, haka muka taso, kuma a raina ina cewa in ya iya wannan, me ya hana shi a takarda?

Da la'asar za su je duba mamari, na ce da ni za a je, kuma a jirgin yaron, in ga wannan abin al'ajabi. Ya dube ni ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mutum biyu yake ɗauka. In mun zama uku, abin da zai rage tsakanin baki da ruwa bai kai tafin hannu ba." Na ce masa, a gaban kakansa, "Kai da ka kawo 6 cikin 20 za ka koya mini lissafi?" Wannan maganar har yau tana cina. Kawu ya kalli gabas, ya ce mu yi sauri dai. Ina jin nauyin baƙo ne ya hana shi ce mini a'a. Aka ba ni kujera, wurin girma. Ban gaya wa kowa cewa ban iya iyo ba.

Mun ɗaga rabin mamarin, da tarwaɗa uku cikin buhu, iska ta iso. Kun san hadarin damina, iskar ke riga ruwan zuwa. Tabkin da ke kwance kamar tabarma ya fara tasowa, igiya ta farko ta watso mini a cinya, ta biyu ta zubo ciki sosai. Kawu ya ce in sauko in zauna a ƙasa. Maimakon in zame a hankali, sai na miƙe tsaye. Abin da na sani bayan haka shi ne ruwa a hancina, ƙafata tana neman ƙasa babu.

Hannun yaron ne ya kamo wuyan rigata ya manna ni da katako. Jirgin ya cika fal, amma bai kife ba, bakinsa na sama da ruwa kamar yatsu huɗu. Yana ta faɗi da wata murya da ban san yana da ita ba, "Baba, kada ka hau! Kada ka saki! Riƙe nan kawai!" Na bi umarni kamar ɗan CI. Kawu ya yanke igiyar dutse, ya riƙe ɗayan gefen, yaron ya jawo yankakken bidon, wanda shi ma a ɗaure yake, ya shiga kwalfewa yana daga waje. Wasu masunta biyu suka iso bisa gorunansu suka tura mu har inda gwangwala ke taɓa ƙasa.

Filafili yana nan, wuƙa tana nan. Birgin Kawu, da yake shi kaɗai ba a ɗaure ba kuma bakinsa duk darma ce, ya tafi ƙasa, ni na biya kuɗin sabo daga albashin watan. Kujera ta bi iska, ba wanda ya neme ta, yaron ma bai sake zancenta ba. Salularsa da ke aljihuna ta sha ruwa ta mutu, da bidiyon duka.

Da dare Kawu ya same ni ni kaɗai ya ce, "Mushe, kujerar nan wautarsa ce, na faɗa masa. Amma mutum na uku wautarka ce, shi kuma ya faɗa maka." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Ƴan uwana malamai, tun daga ranar nake duba irin lissafin da nake rubuta wa yara a allo. Tanki mai lita kaza, famfo yana zuba kaza a minti. A ajina akwai ɗiyan da in damina ta sauka suna wanka a Gulbi da kududdufan unguwa, kuma kusan kowace shekara sai mun ji wanda ruwa ya ci. Ban taɓa ɗaukar minti goma na gaya musu abin da mutum zai yi in jirgi ya cika ba, ko abin da zai jefa wa wanda ke nutsewa maimakon ya faɗa ya bi shi. Dalili kuwa ni ma ban sani ba. Bana na shigo aji da bahon ruwa da ƙaramin bido mai lita 5 da ma'aunin kilo, muka yi ta ɗora duwatsu har ya nutse. Hayaniya ta yi yawa har makwabcin ajina ya leƙo.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka bido ya isa. Marfi yana kwancewa, roba tana tsagewa in ta sha rana, igiya tana ruɓewa. Rigar kariya da ake ɗaurawa a jiki ita ce abin da ya kamata, kuma a bidiyon nan da na raina kusan kowa yana sanye da ita. Na zagaya kasuwa ban dace da ita ba, sai da na yi saƙo Yamai aka kawo mini biyu. Sharaɗin da na sa wa yaron shi ne ba zai taka jirgi ba sai da ita, ko da kakansa zai yi masa dariya, kuma ya yi.

Lissafin makaranta bai zama abin mamaki ba. Zangon farko na bana 9 ya kawo, na biyu 10 da rabi. Har yanzu in aka ba shi x da y sai ya yi ta kallon rufi. Abin da na sake shi ne in ya kawo aikin gida, sai in tambaye shi da me wannan ya yi kama a jirgi, wani lokaci ya samu, wani lokaci mu rasa tare. Ban ce masa ya yi haƙuri da maganar da na yi ba, bakina ya kasa. Na dai saya masa sabon kaye mai manyan shafuna da abin auna tsawo irin na kafintoci, na aje bisa katifarsa.

Watan jiya Kawu ya aiko a gaya mini in zan zo in taho masa da bido biyu masu lita 25, masu marfi mai kyau. Na tambayi ɗan aiken me zai yi da su. Ya ce tsohon ya ce na zuba ruwan sha ne, amma a haɗo da igiya.