Ƙafar da Ba Ta Jin Ƙaya

Masu iya magana sun ce jiki magayi. Gaskiya ne, gama idan ƙaya ta soki mutum, tun kafin ido ya gan ta jiki ya riga ya faɗa masa, sai ya tsaya ya cire. Amma akwai jikin da ya daina faɗa. Akwai ƙafar da za ta taka garwashi mai ita yana ta hira, ko ta yini da tsakuwa cikin takalmi bai sani ba sai da dare ya ga jini. Mai irin wannan ƙafa yana bukatar idon wani ya tsaya masa a madadin zafin da ya rasa. Labarin nan na wata budurwa ce 'yar asalin Maraɗi, wadda ta nemi shiga makarantar likitancin ƙafa a Amurka a shekarar 2018, da yadda neman ya sa gidansu faɗin abin da suka daɗe suna rufewa.

Kakanta na wajen uba ya kamu da kuturta tun yana saurayi. Aka kai shi asibitin Danja, kudu da Maraɗi, wanda mishan ɗin SIM suka buɗe a 1956. A wancan zamani ƙwaya ɗaya ake sha, dafson, shekara da shekaru. Sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, waɗanda ke kashe cutar cikin wata 6 zuwa 12. Tsohon ya warke sarai, ba ya ɗauke da cutar, ba ya kuma sa wa kowa. Amma ƙwayar kuturta jijiya take ci, jijiyar da ta mutu kuwa ba ta dawowa. Tafin ƙafarsa ya zama kamar na wani.

Tun tana shekara shida aka ɗora wa jikar aikin yamma. Za ta kifa takalman kakan ta kakkaɓe, ta sa hannu ciki ta laluba ko akwai tsakuwa ko ƙarangiya. Sa'an nan ta kawo kwano da ruwa ya jiƙa ƙafafunsa, ta goge kaushin da dutse, ta shafa mai domin kada faso ya buɗe, ta duba tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa yana tsokanarta irin na kaka da jika, yana cewa, "Amaryata, yau me kika tsinto mini?" Da wannan hidima ya tsufa da yatsunsa, alhali da yawa cikin tsaransa na Danja sun rasa nasu.

A 2006 iyayenta suka ci cacar biza, suka ƙaura zuwa Greensboro, a jihar Karolaina ta Arewa, garin da 'yan Nijar suke da yawa. Uban ya kama tuƙin tasi, uwar tana kitso. Yarinyar ta yi karatu har jami'a, inda ta ɗauki ilimin halittu, tana aikin dare a wani kanti. Uban yana da buri ɗaya: 'yarsa ta zama likita. Akwai kuma magana ɗaya da ya hana a yi a gidansa. Yana yaro an sha kiransa ɗan kuturu a makaranta, an ƙi cin tuwo da shi a akushi ɗaya, kuma sa'ad da ya tashi neman aure gida biyu sun mayar da goronsa. Da ya haye teku sai ya bar wannan suna a baya, bai kuwa so ya biyo shi ba.

A shekararta ta uku a jami'a ta sami wani likitan ƙafa ya yarda ta riƙa zama a ɗakinsa tana kallon aikinsa. Ran farko aka shigo da wani dattijo mai ciwon sukari. Likitan ya ɗauko wani siririn zaren roba, ya ce wa dattijon ya rufe ido, ya riƙa dangwala masa a tafin ƙafa har zaren ya lanƙwashe. Zaren nan an auna shi ne ya lanƙwashe da nauyin giram 10. Wanda bai ji shi ba, ƙafarsa ta rasa mai gadinta. Dattijon bai ji ko ɗaya ba. A ƙarƙashin babban yatsansa kuwa ga gyambo, wanda bai san da shi ba sai da matarsa ta ga safa ta ɓaci. Budurwar ta gane ƙafar nan take. Ita ce ta kakanta, cuta ce kawai ta bambanta.

Ba ita kaɗai ta taɓa ganin wannan kama ba. Dokta Paul Brand, Baturen Ingila da aka haifa a Indiya a 1914, ɗan mishan, shi ya nuna a asibitin Vellore cewa kuturta ba ta ruɓar da nama da kanta. Rashin jin zafi ne ke barin ƙananan raunuka su yi ta maimaituwa har yatsu su ƙare. A shekarun 1960 ya koma asibitin masu kuturta na Carville a jihar Luwiziyana, a can kuma aka ga darasin ya shafi masu ciwon sukari, gama sukarin da ya daɗe da yawa a jini yana kashe jijiyoyin ƙafa, yana kuma toshe hanyoyin jini. A 2021 Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ne ke da ciwon. Yawancin ƙafafun da ake yanke wa irin waɗannan mutane da ɗan miki suka fara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da ta faɗa wa ubanta niyyarta, bai ji daɗi ba. Ya ce, "Duk jikin mutum ki rasa abin zaɓa sai ƙafa? Mai yankan farce za ki zama?" Ta ce, "Baba, ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne a cikinta, da gaɓoɓi 33. Ƙafa biyu kuwa rubu'in ƙasusuwan jiki ke nan." Ta bayyana masa cewa a Amurka likitan ƙafa yana da makarantarsa dabam, shekara 4 bayan digiri na farko, ya fito da takardar da ake kira DPM, sa'an nan ya ƙara shekara 3 yana koyon aiki a asibiti a hannun manya. Yana rubuta magani, yana yin tiyata. Uwar ce ta raba gardamar. Ta ce, "Maigida, wanda muke bi ma ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Ka bar ta." Ya yi shiru, ba don ya gamsu ba.

Hanyar neman ba gajera ba ce. A 2018 makarantun 9 ne a duk ƙasar, mafi tsufa ita ce ta birnin New York da aka kafa a 1911. Zuwa 2023 sun kai 11. Ana neman yawancinsu ta ƙofa ɗaya a intanet, wadda ake kira AACPMAS, tana buɗewa a watan Agusta, kuma ana cika kujeru ne da zuwan takardu, saboda haka mai sammako ya fi samun wuri. Dole mai nema ya nuna ya ci darussan ilimin halittu, da kimiyyar sinadarai, da fiziks, da Turanci. Yawanci sai ya zauna jarrabawar MCAT, irin wadda masu neman sauran likitanci suke yi, ta kusan awa bakwai da rabi, makinta daga 472 zuwa 528. Budurwar ta ɗan haura 500. Sai wasiƙun shaida daga malamai da kuma daga likitan ƙafa da ya san ta. Na ƙarshe shi ne takardar bayanin kai, inda mai nema zai faɗi da bakinsa abin da ya kawo shi.

A nan tafiyar ta tsaya. Ta rubuta cewa tana son kimiyya, tana son taimakon jama'a, ƙafa kuma ita ce ginshiƙin jiki. Likitan da take bi ya karanta, ya miƙo mata, ya ce ba kuskure a ciki, amma mutum ɗari za su iya sa hannu a ƙarƙashinta. Ya ce, "Ran farko na ga kin duba cikin takalmin mara lafiya ba wanda ya ce ki duba. Wa ya koya miki?" Ba ta amsa ba. Amsar ba tata ba ce ita kaɗai, ta san kuma abin da ta jawo wa ubanta yana yaro.

Ta kwana uku tana juya maganar, sa'an nan ta same shi da dare bayan ya ajiye mota. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina neman izini in rubuta labarin Kaka." Ya ce takarda ba ta da sirri, yau tana hannun Turawa, gobe tana bakin 'yan gari, kuma tana da ƙanne mata da za a zo neman aurensu. Ta ce ba za ta rubuta ba sai ya yarda. Da ya rasa yadda zai yi, ya ce a kira Maraɗi, yana zaton tsohon zai hana. Aka kira. Tsohon ya saurara har suka gama, sai ya yi dariya ya ce wa ɗansa, "Kai, ƙafar tawa ce ko taka?" Ya ƙara da cewa abokansa da suka rasa yatsu ba cuta ce ta cinye su ba, kunya ce, gama sun gwammace su rufe miki da tsumma da a ce an gan su a layin asibiti. Ya ce, "Amaryata, rubuta. Ki sa har da ƙarangiyar."

Ta rubuta, ta aika. A watan Nuwamba wata makaranta a arewa maso gabashin ƙasar ta kira ta ganawa. Ta hau motar dare, ta sauya kaya a tasha. Da safe aka zaga da su ajujuwa da ɗakin koyon sassan jiki, aka yi musu bayanin kuɗin makaranta da bashin da yawancin ɗalibai suke ci, suka ci abinci tare da ɗaliban da suka riga su. An gargaɗe ta tun a gida cewa ganawar ba ta ɗaki ce kaɗai ba, har yadda mutum ya gai da mai shara ana lura.

A ɗakin likitoci biyu ne, mace da wani dattijo. Macen ta fara da abin da ake tambayar kowa: me ya sa ƙafa, ko kuwa ta nemi sauran likitanci ne ta rasa? Makarantun nan suna tsoron wanda ya zo domin wata ƙofa ta rufe, gama irinsa yakan gudu in ta buɗe. Ta ce wannan kaɗai ta nema. Aka tambaye ta makin da ya faɗi a wani darasin sinadarai. Ta ce aikin dare ya yi mata yawa a wannan zango, ta rage shi, ta maimaita darasin, makin na biyu yana gabansu. Ba ta ɗora wa malami ba.

Sai dattijon ya ajiye takardarta ya ce, "Ga mara lafiya, kin gaya masa kada ya taka ƙafar, ya dawo bayan mako biyu. Bai dawo ba sai bayan wata uku, ƙafa ta lalace. Me za ki ce masa?" Ta ce ba za ta fara da faɗa ba. Mutum yana zuwa asibiti ne domin wani abu yana masa ciwo, wannan kuwa ba abin da ke masa ciwo, ga kuma iyali suna jiran abinci. Jikinsa yana gaya masa lafiya lau, likita kaɗai ke cewa akwai matsala. Ta ce abin da za ta tambaye shi shi ne, wa yake zaune da shi a gida, domin ta koya wa wannan mutum duban ƙafa kowace yamma. Ta ce ita ma yarinya ce 'yar shekara shida aka koya wa, ƙafar kuma tana nan har yau da yatsunta. Dattijon ya tambaye ta irin takalmin da kakan yake sawa, da dutsen da ake goge kaushin, suka wuce lokacin da aka ba su.

Bayan kwana goma sha biyu wasiƙar karɓa ta zo. Uban ya karanta ta sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu, ya tafi aiki da ita. Ran Lahadin da ikilisiyarsu ta yi mata addu'ar sallama, aka ce ya yi magana. Ya miƙe ya ce, "Ni ɗan mutumin da ya yi kuturta ne. Ya warke, yana da rai, shi ne malamin 'yata na fari." Muryarsa ta yi rawa, amma ya kai ƙarshe. Ba kowa ya ji daɗin maganar ba, akwai waɗanda suka sunkuyar da kai. Amma da aka tashi, tsofaffi uku masu ciwon sukari suka tare yarinyar a bakin ƙofa, kowa yana son ta duba masa ƙafa. Ta ce ita ba likita ba ce tukuna, su je wurin likitansu a gwada su da zaren nan. Ta kira 'ya'yansu gefe ta nuna musu abin da ta iya.

Abin da ta nuna musu bai fi ƙarfin kowane gida ba, ko a Greensboro ko a Maraɗi. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum da haske. A laluba cikin takalmi kafin a sa. Kada a yi tafiya ba takalmi, ko da a tsakar gida. A gwada zafin ruwan wanka da gwiwar hannu, kada da ƙafa. Kada a yanke kaushi da reza. In an ga miki, ko bai kai ƙwayar gero ba, a tafi asibiti ran nan, kada a jira ya yi ciwo, gama ba zai yi ba. Mai karatu, in akwai mai ciwon sukari ko wanda ya taɓa yin kuturta a gidanku, yau da yamma ka roƙe shi ya tuɓe takalminsa.