Ɗebo Manhaja Daga Rumbunta

Mu ɗaliban kimiyyar harshe an horar da mu a kan bin diddigin asali. Idan ɗalibi ya kawo jimla guda cikin kundinsa, malami zai tambaye shi daga bakin wa ya ji ta, a wane gari, da karin harshen Gobir ko na Adar ko na Damagaram, kuma shekarun mai maganar nawa. Horo ne mai kyau, domin magana marar asali ba ta zama hujja. Sai dai akwai wuri guda da muke sassauta wannan ƙa'ida, wato kayan aikin da muke auna sauti da su. A kundaye da dama da na karanta, layi ɗaya tak ake ba su: an yi amfani da manhajar Praat. Wace siga, ta wace shekara, daga ina aka samo ta, duk ba a faɗa. Ra'ayina shi ne manhaja ma tana da asali, kuma ya kamata mu san hanyar da ake bi a kai gare shi.

Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amstadam a ƙasar Holan su ne suka ƙirƙiro Praat tun farkon shekarun 1990, kuma sunan yana nufin magana a harshensu. Hanya biyu ake samun ta. Ta farko ita ce wadda muka saba: a sauko da manhajar da aka riga aka haɗa, a danna, ta buɗe. Ta biyu ita ce a ɗebo tushenta, wato rubutun da mawallafan suka yi da harsunan C da C++, wanda daga gare shi ake gina manhajar. Ta farko tuwo ne da aka tuƙa aka miƙo maka; ta biyu hatsi ne a rumbu, wanda za ka iya dubawa ka ga irinsa da damanar da aka noma shi. Tushen Praat a buɗe yake ga kowa ƙarƙashin lasisin GPL, yana ajiye a dandalin GitHub.

Rumbun da ake ajiye irin wannan rubutu yana aiki ne da wani tsari mai suna Git. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan da ya fara Linux, shi ya rubuta shi a watan Afrilun 2005, bayan da masu aikin Linux suka rasa izinin amfani kyauta da BitKeeper, tsarin da suke dogara da shi a lokacin. Git yana adana rubutun yau tare da duk matakan da aka bi kafin a iso gare shi. Duk lokacin da mawallafi ya yi gyara ya ajiye, ana rubuta sunansa da ranar da bayanin abin da ya sauya, sannan a ba ajiyar lambar shaida mai baƙaƙe da alƙaluma 40. Ana lissafa wannan lamba daga abin da ke cikin ajiyar haɗe da lambar ajiyar da ta gabace ta. Saboda haka idan wani ya taɓa harafi ɗaya a tsohon tarihi, lambobin duk abin da ya biyo baya za su sauya, ɓarnar ta fito fili. Wanda ya taɓa zama a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai ya san wahalar kwatanta kwafi biyu na littafi ɗaya don gano inda mai kwafa ya ƙara ko ya rage. Git yana yin wannan kwatanci a cikin ƙiftawar ido, layi bayan layi.

Ɗebowar kanta ba ta da wuya. Bayan an saka Git a kwamfuta, ana buɗe tagar umarni, a rubuta git clone, a bi shi da adireshin rumbun. Abin da ke saukowa shi ne rumbun gaba ɗaya da tarihinsa, wanda ke zaune a wata ɓoyayyar jaka mai suna .git. A nan ne bambancin yake da maɓallin da ke ba ka fayil ɗin ZIP a shafin GitHub: shi wannan rubutun ranar kawai yake ba ka, babu tarihi. Da zarar rumbun ya sauka, umarnin git log yana jero ajiye-ajiyen tun daga na baya-bayan nan, git tag yana nuna tambarin da aka liƙa wa kowace siga, git checkout kuma yana mayar da kai ga sigar da ka ambata, ko da ta shekarun baya ce.

Ni abin da ya kai ni rumbun Praat shi ne karin sauti. Kowa ya san cewa kuka na hawaye da kuka ta miya a rubuce ɗaya suke, amma na farko sama-sama ne, ta biyu sama-ƙasa. Mun kuma san cewa a cikin doguwar jimla karin sama yana gangarowa kaɗan-kaɗan duk lokacin da karin ƙasa ya gitta, har na ƙarshen jimla ya yi ƙasa sosai da na farkonta. Mai son auna wannan gangara da alƙaluma dole ya dogara da yadda manhaja ke ƙididdige kaɗawar tantanin murya. Na so in ga wannan lissafi da idona, sai na same shi a jakar fon, cikin fayil mai suna Sound_to_Pitch.cpp. Ban iya rubuta C++ ba, amma na gane sunayen ma'aunan da na saba cikewa a tagar manhajar, na ga inda kowanne yake shiga lissafi. Tun daga ranar na daina ɗaukar shuɗin layin da Praat ke zanawa a matsayin hoton murya kai tsaye. Sakamakon zaɓi ne da wasu mutane suka yi, kuma suna iya sauya shi.

Sun kuwa sauya. A ƙarshen shekarar 2023, cikin siga ta 6.4, mawallafan sun shigo da sabuwar hanyar auna amon murya, wadda ke tace sautin kafin ta fara lissafi. Tsohuwar hanyar, wadda Boersma ya bayyana a 1993, tana neman amo tsakanin Hz 75 da 600 idan ba a sauya mata ma'auni ba, sabuwar kuwa tsakanin 50 da 800. Tsohuwar tana nan ba a cire ta ba, amma ɗalibi biyu da suka buɗe sauti ɗaya, ɗaya da sigar 2021 ɗaya da ta 2024, suna iya samun alƙaluman da ba su zo daidai ba. Idan babu wanda ya rubuta sigarsa, mai karanta kundayen biyu zai iya zaton bambancin na karin harshen Maraɗi ne da na Tawa, alhali na kayan awo ne. Wannan shi ne haɗarin: mu jingina wa Hausa abin da ba nata ba.

Na san abin da wasu ƴan'uwa za su ce, cewa kuɗin intanet ba ya isar mu sauko da tarihin shekaru, ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Gaskiya ne, kuma idan layi ya katse ana cikin git clone sai an sake daga farko. Amma akwai sauƙi uku. Idan aka ƙara --depth 1 a kan umarnin, ajiyar ƙarshe kawai za ta sauko, da lambar shaidarta. Idan kuma an riga an mallaki rumbun, git pull sababbin gyare-gyare kawai yake jawowa, ba ya maimaita abin da ke hannu. Na uku ya fi dacewa da mu: tun da kowane kwafi cikakken rumbu ne, ɗalibi ɗaya zai iya saukowa, sauran su ɗeba daga kwamfutarsa ko daga ƴar ma'ajiyar USB ba tare da sun taɓa intanet ba. Lambar shaida ita za ta tabbatar musu cewa abin da ya iso Damagaram daidai yake da abin da ya baro Amstadam.

Wasu kuma za su ce mu masu nazarin harshe ne, ina ruwanmu da aikin masu rubuta manhaja. Amsata ita ce bayanan harshenmu ma a irin waɗannan rumbuna suke zaune yanzu. Shirin Universal Dependencies, wanda ke tattara jimlolin harsunan duniya da aka fayyace ginin nahawunsu, yana ajiye tarin kowane harshe a rumbunsa na GitHub, yana kuma fitar da sabuwar siga sau biyu a shekara, a watan Mayu da na Nuwamba. A cikinsu akwai na Hausar Adar, wanda ya fito daga aikin Bernard Caron, marubucin littafin nahawun wannan karin harshe da aka buga a 1991. Ɗalibin Tawa da ya iya git clone zai iya ɗebo jimlolin garinsu, ya ga yadda aka yanka su, kuma idan ya ga inda kunnensa bai yarda ba, yana da hanyar aika gyara da sunansa a kai. Wanda bai iya ba kuwa sai dai ya karɓi abin da aka ba shi.

Ba na cewa kowa ya gina Praat daga tushe. Wannan yana buƙatar wasu kayan aiki da lokaci, kuma manhajar da aka riga aka haɗa ta wadatar ga aikin yau da kullum. Roƙona ƙarami ne. Ga ƴan'uwa ɗalibai, a babin hanyoyin bincike mu rubuta lambar sigar manhajar, da hanyar awon da muka zaɓa, da ma'aunan da muka saka. Idan daga rumbu muka ɗebo, mu ƙara da lambar shaidar ajiyar. Ga malamanmu kuma, Allah ya ƙara musu basira, ranar kare kundi, bayan an tambayi ɗalibi garin mai ba shi bayani, a tambaye shi sigar manhajarsa.