Kaskon Wutar Kakata

Da Edita ya nemi mu kawo abin da za a sa cikin mujallar bana, na daɗe ina shawara ko in ba da wannan labari ko in bar shi, domin akwai abin kunya a cikinsa, kuma kunyar tawa ce. Amma da na ga abin da waɗansu 'yan'uwana ɗalibai su ke yi a ɗakunan kwana tun da sanyin nan ya shigo, sai na ce gara in faɗa, ko da za a yi mini dariya.

Gidanmu yana ƙasar Maradun, ba nisa da dam ɗin Bakolori. Duk wanda ya taɓa kwana a wajenmu cikin Disamba ko Janairu ya san irin sanyin da a ke yi. Da rana hazo ya rufe ko'ina har ba ka hangen ƙetaren ruwa, da dare kuwa iska ta taso ta bi ta kan dam ta shigo gari. Wani dare awon zafi ya kan sauka ƙasa da digiri 15. Mutumin Turai zai ce wannan ai ba sanyi ba ne, amma ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ba ta da komai sai zane da tsohon bargo, sanyi ne na gaske.

Kakata, wadda ta haifi mahaifina, ba a inda mu ke yanzu aka haife ta ba. Ƙauyensu yana ƙarƙashin ruwa. An gama ginin dam ɗin a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na mutanen Italiya ne ya yi aikin, kuma da ruwa ya taru ya cinye gidaje da gonakin dubban mutane, aka mai da su wani wuri. Rigimar diyya ce ta kai ga abin da ya faru a watan Afrilu na 1980, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Kaka ba ta son zancen wannan rana. Abin da ta fi yawan ambato shi ne itatuwa. Ta ce kafin a baje ƙasa domin noman rani, yarinya ba ta wuce bayan gari ta cika igiyarta da busasshen marke da ƙirare. Manyan motoci suka zo suka tuge tsamiya da kanya da ɗorawa, aka daidaita fili kamar faifai. Yanzu muna da shinkafa da albasa da tumatir, amma itace sai an saya. Dajin da a ke zuwa sara a da kuma, kowa ya san dalilin da ya sa ba mai shigarsa da kwanciyar rai a 'yan shekarun nan. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau, damin itace ya bi shi.

To, a hutun Disamba na wannan shekara ta 2023 ne na yi aika-aikar. Mahaifina ya gyara wa Kaka ɗakinta kafin nan: aka yi bulo da siminti, aka buga kwano, aka sa ƙyauren ƙarfe da taga mai marfi. Kowa ya yi murna, ita kaɗai ce ta riƙa cewa ɗakin ba ya numfashi. Muka ɗauka rigimar tsufa ce.

Wani dare na ji tana tari tana ƙorafin sanyi. Na ce bari in yi abin kirki. Na ɗebo gawayi na cika kaskonta, na hura, da na ga ya fara ja sai na kai mata har gaban gado. Na rufe taga, na kawo tsumma na toshe ƙarƙashin ƙyaure domin kada iska ta shigo. Ta ce, "Kai mai gidana, bar mini 'yar kafa." Na ce, "Kaka, ai ta kafar nan zafin ya ke gudu." Na faɗa da muryar wanda ya je makaranta. Ta yi shiru. Autarmu, wadda a wajenta ta ke kwana, ta riga ta yi barci.

Kullum Kaka ce ke fara tashi a gidan, ƙarar butarta ce ke tada mu sallar asuba. Ran nan ba a ji buta ba. Baba ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama sau uku, yana cewa, "Inna, lafiya?" Ba amsa. Da ya ture ƙyauren ya tarar da ita a zaune a ƙasa ta jingina da gado, ta yi yunƙurin tashi ƙafafunta sun ƙi. Auta kuwa ta yi amai a kan tabarma, ana kiranta tana buɗe ido da ƙyar. Aka fito da su tsakar gida. Wani maƙwabcinmu malamin asibiti ya leƙa ɗakin, ya ga kasko, ya ga tsumman da na cusa, bai tambayi komai ba sai ya ce a nemo mota. Aka kai su asibiti a Talata Mafara. Allah ya sa da sauran kwana, washegari aka sallamo su, sai dai Kaka ta yi kwanaki tana fama da ciwon kai.

Baba bai doke ni ba, da ma ya doke ni da na fi samun sauƙi. Kaka ce ta fara yi mini magana. Ta dube ni ta ce, "Wanga miji nau, ashe kashe ni za ka yi ka ci gado? To, ba ni da komi sai kaskon nan." Mutane suka yi dariya, ni kuwa na fita bayan gida na yi kuka.

Da aka koma makaranta na sami malaminmu na kimiyya na ba shi labari. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce wuta tana cin iskar oksijin, irin wadda mu ma mu ke shaƙa. In iskar ta wadace ta, sai ta ci itace sarai. In ta yi mata kaɗan, kamar a ɗakin da aka toshe, sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba da a ke kira kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa hawaye. Jinin mutum kuma ya fi kama ta fiye da yadda ya ke kama oksijin har ninki 200 da wani abu, saboda haka mai barci ba ya farkawa, sai dai barcin ya ƙara nauyi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da ya ce gawayin da ya yi ja, wanda ba ya hayaƙi, shi ya fi yaudara. Hayaƙi ko ba komai yana korar mutum waje. Garwashi kuwa lallashinsa ya ke yi.

Sa'an nan na gane maganar Kaka. Ɗakinsu na da na laka ne da jinka, ƙofarsa asabari. Iska tana shiga ta ƙasa, hayaƙi yana fita ta cikin ciyawa, shi ya sa jinkar ta kan yi baƙi da kunkunniya. Sun yi shekara da shekaru suna jin ɗumi a ciki. Mu muka sāke ɗakin, amma ba mu sāke kaskon ba. Ba ina cewa hayaƙin da ba shi da illa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum wajen miliyan 3.2 ne suka mutu saboda gurɓatacciyar iskar cikin gida, kuma ina zaton tarin Kaka da jan idon mahaifiyata daga bakin murhu suka samo su.

A hutun da ya biyo baya na ƙudura sai na koyi wuta, abin da na ɗauka na iya tun ina yaro. Malamata kuwa Kaka ce. Abu na farko da ta nuna mini shi ne itace ba ɗaya ba ne. Kirya ita ce sarauniya: nauyi gare ta, tana daɗewa tana ci, garwashinta ya kan kai safe, shi ya sa maƙera ke son gawayinta. Marke yana biye da ita. Sabara da geza na kama wuta ne, su yi bal su mutu. Darbejiya, wadda ita ce ta fi yawa a garuruwanmu yanzu, ba laifi in ta bushe. Kuka kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka wahalar da jaki, cikinta kamar soso ya ke. Tumfafiya sai wanda ya rasa. Ta kan ɗauki guda biyu ta gwara su: in suka yi ƙara mai kaifi sun bushe, in suka yi dum, da saura. Ta kan duba kan guntun kuma, in ya tsattsage ya bushe.

A littafi na sami dalilin wannan. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. In ka sa shi a wuta, sai wutar ta fara dafa ruwan nan tukuna, shi ne ka ke jin yana tsuwa yana fitar da kumfa ta ƙarshensa. Zafin da ya kamata ya tafi tukunya ko jikinka ya tafi a tururi, sauran kuma ya fita a hayaƙi. Hayaƙi ai itace ne da bai ƙone ba, watau kuɗi ne ke tashi sama kana kallo. Saboda haka na ɗauki gatari na faskare duk gumagumen da ke gidan, kowane kamar kaurin hannuna, na jera su a kan duwatsu inda rana ke bugu, ba a ƙasa ba saboda gara.

Sai murhu. Murhunmu na duwatsu uku ne kamar na kowa, kuma masana sun ce irin wannan, cikin kashi 100 na zafin itace abin da ke shiga tukunya bai cika wuce 10 zuwa 15 ba, saura iska ta kwashe. Na ji ana sayar da murhunan ƙarfe masu tsimin itace, akwai wanda a ke kira Save80, amma ba mu da kuɗinsa. Na ɗebo ƙasar suri na cuɗa da buntun shinkafa da kashin jaki, na bar ta ta kwana uku, na kewaye duwatsun da ita, na bar baki guda na sa itace da 'yar tazara tsakanin tukunya da laka. Na farko ya tsage don na yi gaggawar hura masa wuta. Na biyu na ƙuntata bakinsa, ya riƙa hayaƙi kamar an kama ɓera a rami, mahaifiyata ta ce in kwashe shirgina. Na uku ne ya yi, bayan na faɗaɗa bakin na kuma sa guntun tubali a ciki domin itacen ya ɗaga iska ta bi ta ƙarƙashinsa. Yanzu sanda biyu ko uku a ke sawa, ana turawa kaɗan kaɗan, harshen wutar yana lasar gindin tukunya. Damin da mu ke cinyewa a kwana biyu ya kan kai mu na huɗu. Mahaifiyata ba ta yaba ba har yau, amma na lura ta daina amfani da tsohon.

Saura batun ɗumin ɗaki, wanda shi ne asalin magana. Kaka ta ba ni labarin gadon ƙasa irin na masu jego da tsofaffi, wanda a ke hura wuta a ƙarƙashinsa, laka ta sha zafi ta riƙa sakinsa sannu sannu har gari ya waye. Na karanta cewa mutanen arewacin ƙasar Sin suna da irinsa na tubali, sai dai su hayaƙin murhun girkinsu ne ke bi ta cikin gadon ya fita waje ta bututu, ba ya shiga ɗaki. Na roƙi Baba ya bar ni in fasa bango in gwada. Ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma bangon nan da kuɗi ya gina shi.

Abin da mu ke yi yanzu mai sauƙi ne. In an sauke tuwon dare sai a tura tubali biyu na jar ƙasa cikin rushi. Bayan sallar lisha a ciro su a naɗe da tsohon buhun algarara da tsumma, a sa wa Kaka ɗaya wajen ƙafa, ɗaya wajen baya. In tana son ganin wuta, domin ta ce hira ba ta daɗi sai da ita, a kan kai kasko bakin ƙofa, ƙyaure a buɗe, kuma ba a kwanciya sai an fitar da shi an yayyafa masa ruwa. Taga kuwa Baba ya sa an cire mata sakata, an ɗaure ta da waya yadda ba za ta rufu duka ba.

Ga abin da ya sa na rubuta. Makon jiya bayan an kashe fitila na shiga wani ɗakin kwana, wanda ba zan faɗi sunansa ba, na tarar an aiki wani ɗan aji ɗaya ya sato garwashi daga kicin a gwangwanin madara. An ajiye shi tsakanin gadaje biyu, an liƙe tagogi da kwali, mutum shida sun lulluɓa da bargo a kansa. Da na yi magana wani babba ya ce in tafi da wa'azina, ai ba ya ko hayaƙi. Ban kai ƙara ba. Na tsaya har sai da suka cire kwali guda, na ɗauki gwangwanin da gefen rigata na kai shi bakin famfo. Ya ƙone mini yatsa biyu, da su na ke riƙe da biron nan.