Daminar 2012 a Siton Hatsi

Daminar 2011 ba ta yi kyau ba a yankin Arewa na Nijar, don haka kafin bazarar 2012 rumbuna da yawa sun tashi. A wani ƙauye na karkarar Ɗan Kassari, nesa kaɗan da gudiron da ya fito daga Dogon Dutsi ya nufi Birnin Ƙonni, ni ke riƙe da littafin bankin hatsi. An kawo mana gero da masara don a sayar wa talaka da rahusa lokacin huɗar gona. Siton na laka ne da rufin kwano, tagoginsa biyu kuwa an toshe su tun da daɗewa saboda ɓarayi da ɓeraye. Katakon da ake jera buhuna a kai bai isa ba, sai layin ƙarshe ya kwanta a ƙasa, jingine da bango.

A watan Agusta ruwa ya sauko ba ƙaƙƙautawa. Shekarar ce ambaliya ta yi ɓarna a jihohin Dosso da Tillaberi. Mu gidaje ba su faɗi da yawa ba, amma kwano ya yi yoyo, bango ya sha ruwa har ƙugu. Da muka buɗe ƙofa bayan kwanakin marka, wari ne ya fara tarbar mu, mai nauyi, mai kama maƙogwaro. Bangon gabas ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. 'Yan dako suka ɗaga buhun ƙasa, gindinsa ya rage a wurin, masara ta zube a dunƙule, kore-kore da ɗorawa, wata ƙura mai laushi ta tashi cikin hasken ƙofa. Wanda ya ɗauka a ka, sai ka ga gashinsa da girarsa sun yi kore.

Mai gadinmu dattijo ne, a cikin siton yake kwana kan tabarma. Na ce masa, "Baba, ku fita ku sha iska, ƙurar nan ba ta da kyau." Ya ja rawani ya rufe hanci ya ce, "Ɗana, ƙurar hatsi ce, a cikinta muka girma." Haka muka kwashe sito kaf ba wanda ke da abin rufe hanci na kirki. Matan da aka kira suka shanya abin da ya yi saura, suka sheƙe, suka bakace, iska na mayar musu da ƙurar a fuska, wasunsu da goyo a baya. Ladansu tiya-tiya ce daga cikin masarar nan. A shekarar yunwa ba wanda zai iya cewa a zubar.

Da yamma samari biyu suka kwanta da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da nauyin ƙirji, aka ce masassarar damina ce, bayan kwana kaɗan suka miƙe. Baba bai miƙe ba. Ya taɓa yin tarin fuka a baya, ya sha magani ya warke. Yanzu tari ya dawo, wani lokaci da jini. Aka kai shi Dogon Dutsi, aka gwada majina, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Wani malamin asibiti ne ya tambaye ni inda yake aiki, da na faɗa masa sai ya yi mini bayani: tarin fuka kan bar rami a huhu, fumfunar da ake kira Aspergillus kuma tana iya zama cikin ramin ta yi ta girma. Dangin wannan fumfuna ne ke fitar da dafin aflatoxin a masara da gyaɗa. An gano dafin bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa, kuma a 2004 ya kashe mutum 125 a Kenya ta hanyar masarar da aka adana da laima. Dahuwa ba ta kashe shi, kuma yana jawo sankarar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Ina sauraronsa ina tuna tiyoyin da muka auna wa matan nan.

A ranar 25 ga Satumba na wannan shekarar Nijar ta samu sabuwar dokar ƙwadago, mai lamba 2012-45. Ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare lafiyar ma'aikacinsa, kuma asusun kula da ma'aikata na CNSS ne ke ɗaukar wanda aiki ya sa wa ciwo. Na nemi hanyar shigar da Baba ciki. Tambayar farko ita ce takardar ɗaukar aiki, ta biyu lambar rajista. Ba shi da ko ɗaya. Da baki aka ɗauke shi, da hatsi ake biyan sa, kuma haka akasarin masu gadi da 'yan dako da mata masu sheƙa suke a ƙasar nan. Wannan ya ci mini rai, har yau yana ci. Dokar ba ta da laifi a rubuce, amma wanda ya fi shaƙar ƙurar shi ne wanda ba ta san da zamansa ba.

Masu bincike sun zo da kaka. Sun ƙirga buhunan da suka lalace, sun duba littafina layi-layi, sun auna tsagar bango. Na ce a rubuta rashin lafiyar mai gadi, aka ce rahoton na kaya ne. An gyara kwano, an kawo katako, an buɗe tagogin an sa musu raga, duk aikin bai kai kuɗin masarar da ta ruɓe ba. Iyalan Baba sun sayar da awakinsu don magani, kwamitin bankin hatsi ya kai musu buhun gero ɗaya na dubiya. Da ya kasa dawowa, aka ɗauki ɗan ƙanensa a gadin, shi ma da baki.