Wane Mai Za Ta Sha?

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Injin yana kan benci a garejinmu na Unguwar Mu'azu, bayan titin Nnamdi Azikiwe, an kwance kansa an jera kusoshi a tire. Motar ƙanena ce, BMW 325i ƙirar E36, mai injin M50 silinda 6, lita 2.5. Turbon ya iso tun makon jiya daga hannun masu kayan Beljiyam na Oriakpata. Ni nawa a ciki rance ne, shi ya sa nake da bakin magana.

Oga ya ƙi ɗaukar sifana. Dattijo ne da ya koyi aiki a zamanin da kamfanin Peugeot na Kakuri, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, yake cika titunan ƙasar nan da 504. Ya dubi ƙanena ya ce, "Yaro, kafin in sayi gasket, faɗa mini man da za ta riƙa sha."

"Fetur mana, Baba."

"Na wane gidan mai? Na ranar da ka ga dama, ko na ranar da tanki ya ƙare maka a Jaji?"

Ga abin da yake gudu. A cikin silinda, iska da fetur suna jiran wutar fulogi ne, wutar ta ci su daga tsakiya zuwa gefe. In zafi da matsi suka wuce kima, ragowar da ke gefe sai ta fashe da kanta kafin wutar ta iso, ta daki kan fistin. Daga waje za ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. A motar haya da ke hawan tudu wannan ƙarar na iya shekara ba ta yi ɓarna ba. A injin da turbo ke ɗura wa iska, 'yan daƙiƙu sun isa ta karya gefen fistin inda ringi yake zama. Lambar oktan ma'aunin juriyar mai ce ga wannan fashewar. Injin nan kuwa daga Jamus ya zo da matsin 10.5 bisa 1, tun ba a ƙara masa komai ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Ƙanena ya zo da waya cike da bidiyon samarin Amurka, kowa na cewa a kan mai lamba 91 ya ɗaura turbo kuma lafiya lau. "Yaya, ai namu ma 91 ne," in ji shi.

Ma'aunin ne ba ɗaya ba. Ƙa'idar fetur a Najeriya ita ce kada ya gaza 91 a ma'aunin RON, wanda Turai ma ke amfani da shi. Amurka kuwa tana haɗa RON da wani gwaji mai tsauri, MON, ta raba biyu, ta rubuta sakamakon a jikin famfo. Saboda haka 91 ɗinsu ya kai kusan 95 a namu, 93 ɗinsu kusan 98, namu 91 ɗin kuma shi ne 87 ɗinsu, mafi arha a gidan mai, wanda ba mai turbon da zai kusance shi a can. Kuma su suna da zaɓi, famfo uku a jere. A Kaduna famfo ɗaya ne, abin da tanka ta sauke daren jiya shi za ka sha. Matatar man garin nan da aka buɗe a 1980 ta daɗe ba ta ba mu fetur ba, sai abin da aka ɗauko daga kudu a bayan tankoki.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zafi ya hana aiki bayan Azahar. Na zauna da biro na yi lissafi. In iskar waje tana digiri 40, turbo ya matse ta da rabin ba (ma'aunin matsi), za ta fito kusan digiri 100. In an kai ba ɗaya cur, ta haura 140. Kaduna kuma tana kan tudu, wajen mita 600 sama da teku, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi, dole turbo ya ƙara gudu kafin ya kai matsin da ake so, gudun kuma zafi ne. Intakular da ke sanyaya wannan iskar, wadda ta zo tare da turbon, ƙarama ce. Oga ya auna gaban motar ya ce a nemo wadda za ta cika wurin.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yau ranar E85 ce, haɗin da kusan kashi 85 cikin ɗari nasa sinadarin etanol ne. In don inji kaɗai ne, ba ni da abin cewa a kansa. Oktan ɗinsa ya haura 100, yana sanyaya silinda yayin da yake zama tururi, kuma shi ne sirrin yawancin motocin da ƙanena ke kallo har ya manta da abinci. Amma yana da sharuɗɗa. Fetur kilo ɗaya yana buƙatar iska kilo 14.7, E85 kuwa wajen 9.8, shi ya sa mota za ta sha ƙarin sama da kashi 30 cikin ɗari. Sai an canza nozul, an canza famfon mai, an canza tiyo zuwa wanda etanol ba ya ci.

Duk wannan kuɗi ne kawai, ana iya nemowa. Abin da ba a iya nemowa shi ne famfon E85 a Kaduna. Barazil ta fara shirinta na etanol tun 1975, da rake, har ya zama man kowa da kowa. Mu ma an fitar da manufar haɗa etanol kashi 10 a fetur a 2007, ta tsaya a takarda. Wani abokin ƙanena ya ce zai iya samo duro daga masu sayar wa kamfanonin magani da turare, a riƙa haɗawa a gida. Oga ya tambaye shi wa zai auna ruwan da ke cikin duron, kuma ina za a ajiye shi in damina ta kankama, tunda etanol yana zuƙar laima daga iska. Sannan ya ce, "To ka saita birenbos, kwamfutar injin, a kan wannan, ka tafi biki Katsina, mai ya ƙare. Me za ka zuba?" Ana iya sa na'urar da ke gane yawan etanol ta daidaita kanta, amma ko da ita, saitin fetur zalla dole ya kasance a ƙasa. An dawo gidan jiya ke nan.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Bayan saukowa daga masallaci majalisar gareji ta cika, kowa da maganinsa.

Mai wayarin ya ce kwalaben ƙarin oktan da ake sayarwa a shagunan baƙin mai. Yawancinsu in sun rubuta maki kaza, kowane maki ɗaya bisa goma ne na lamba ɗaya, sai ka zuba kwalba guda ka tashi daga 91 zuwa 91 da 'yan kai. Masu ɗan ƙarfin cikinsu kuma suna barin jan ƙura a bakin fulogi.

Mai fenti ya ce tina. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa: sinadarin toluwin oktan ɗinsa ya kai wajen 120, kuma injin turbo na Honda da ya mamaye tseren Formula 1 a 1988 mansa kashi 84 toluwin ne. In ka zuba kashi 10 a fetur mai lamba 91, za ka samu kusan 94. Sai dai tinar kasuwa gauraye ce, ba wanda zai rantse maka a kan abin da ke cikin galan, kuma tana cin roba.

Wani ya kawo man ƙananan jirage, 100LL, irin wanda jiragen koyo masu farfela ke sha. Wannan akwai dalma a cikinsa. Tana kashe na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa, wadda da ita za mu san ko inji na samun isasshen mai, kuma guba ce ga yaran da ke wasa a bakin gareji. Duniya ta sha wahala kafin ta raba fetur ɗin mota da dalma, Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021. Ba za mu dawo da ita Unguwar Mu'azu don a yi ƙara a titi ba. Wannan ni na yanke, da ikon mai rance.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na kwana ina juya maganar iskar gas, CNG, don ita ce kaɗai ta ja hankalina da gaske. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, gwamnati kuma ta shiga tallata juya motoci zuwa gas. Oktan ɗin gas ya kai 120 ko fiye, ba a iya tsarma shi da ruwa a jarka, kuma ya fi arha nesa ba kusa ba. Manyan motocin gas na kamfanoni da turbo suke aiki.

Oga bai musa ko ɗaya ba. Ya buɗe but ɗin motar ya ce in nuna masa inda tukunya za ta zauna. Ƙarfe ce mai kauri da nauyi, tana riƙe matsin ba 200, ta cinye wurin kaya, kuma tafiyar da za ta ba motar da ake takawa gajeriya ce. Gas ba ya sanyaya silinda kamar mai mai ruwa, bawul ɗin hayaƙi yana shan wuta. Wuraren cikawa a garin nan kaɗan ne, bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020 har yau muna jiran ya kawo mana. Da wani yaro ya ce a kasuwar Panteka za a iya haɗa mana tukunya da arha, Oga ya daka masa tsawa, ya tuna masa motar da ta tarwatse a wurin cika gas a Benin a Oktoban 2024, tukunyar walda ce aka sa mata. Panteka sun iya ƙarfe, ba mai ja da wannan, amma ba 200 ba wurin gwada gwaninta ba ne.

A ganina, in da tasi ce ko motar kasuwa, gas zan zaɓa yau ɗin nan. Wannan motar kuwa ta marmari ce.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mun tara fetur a kwalabe daga gidajen mai daban-daban, har da galan ɗin wani ɗan bumburutu. Oktan ba a auna shi a gareji, sai da wani inji na musamman mai silinda ɗaya a ɗakin gwaji. Amma akwai abin da ido ke gani. Ɗigo a farar takarda: fetur mai kyau yana bushewa ya tafi, mai gauraye da mai nauyi yana barin maiƙo. Sai gwajin ruwa: ka zuba ruwa kaɗan a kwalba, ka yi masa alama, ka cika da fetur, ka girgiza ka ajiye. In ruwan ya haura alamar, akwai etanol ko metanol a ciki, sun bar fetur sun bi ruwa.

Ba wanda ya manta Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai yawan metanol daga Antwerp ta Beljiyam, motoci suka riƙa mutuwa, layi ya cika gidajen mai. Abin mamaki, metanol oktan ɗinsa babba ne, masu tsere suna sonsa. Ɓarnarsa a motar da ba a shirya masa ba ita ce yana cin roba da alminiyam, kuma birenbos yana ba da mai a ma'aunin fetur alhali metanol na buƙatar fiye da ninki biyu. Inji mai turbo in mai ya yi masa kaɗan a lokacin da ake taka shi, fistin ne ke narkewa.

Na gidajen man sun fita lafiya, sai dai launinsu ya bambanta. Na galan ya bar maiƙo a takarda.

Talata, 15 ga Afrilu

An yanke. Fetur ɗin famfo za ta sha, kuma za a saita ta a kan cewa wata rana abin da aka zuba bai ma kai 91 ba.

Oga ya so a sayi fistin masu ƙaramin matsi, don shi ne aikin kirki. Kuɗi bai kai ba, aka koma ga gasket ɗin ƙarfe mai kaurin milimita 3.5, ninki biyu na asali, wanda zai sauko da matsi ƙasa kaɗan da 9 bisa 1, da dogayen kusoshi masu ƙarfi. Sifirin ɗin turbo na rabin ba. Fulogi mai sanyi mataki ɗaya, a rage bakinsa. In turbo ya ɗauka, iska da mai su tsaya wajen 11.5 bisa 1, ƙarin man don sanyi ne. Taimin a ja shi baya. Feshin ruwa da metanol a bututun iska, dabarar da jiragen yaƙin Jamus suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, an bar shi sai gaba, kuma ko an sa ba za a ƙara wuta saboda shi ba, don tankinsa na iya ƙarewa ba ka sani ba.

Ƙanena ya ɓata rai. Ya so maɓallin ƙara matsi a kusa da sitiyari. "Baba, ko don ranar da na samu mai mai kyau."

"Ta yaya za ka san mai kyau ne? Da ɗanɗano?"

Injin ya fito daga masana'anta da doki 192. Oga yana hasashen zai haura 250, abin da ya ishi duk wanda ke da uwa a raye. Na kuma maimaita sharaɗin rancena: ba wasan mota a wurin ɗaurin aure.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Motar ta tashi shekaranjiya. Yau aka fita gwaji, da gangan da ƙarfe biyu na rana, lokacin da kwalta ke tururi. Oga ya ɗaure guntun bututun tagulla a jikin inji, ya zaro tiyo ta taga zuwa abin toshe kunne irin na masu injin niƙa, don ya fi yarda da kunnensa a kan na'urar da ke jikin motar. Mai kwamfuta yana baya da ita a cinya, ƙanena na tuƙi, ni ina riƙe da ƙofa.

Mun miƙe ta wajen Mando. A giya ta 4, allura na kusan 4,000, inda turbo ya gama cika, Oga ya ɗaga hannu. Ni ban ji komai ba. Aka rage taimin digiri 2 a wannan yankin, aka sake takawa, hannunsa bai motsa ba. Ya ce a rage ɗaya kuma a bar shi haka.

Da muka dawo ya kwance fulogi ya duba farin bakinsu a rana, ba ɗigon baƙi, ba ƙyallin ƙarfe. Bai ba da makulli ba tukuna. Ya ce a ƙarar da wannan tankin a cikin gari, ranar Asabar a cika a wani gidan mai na hanyar Zariya da ba mu taɓa shiga ba, a sake ɗaura tiyo a saurara.