Babur Ɗin Gwaggo Da Takardun Da Na Rubuta

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya ke damuna tun hutun Kirsimetin bara waccan. Ba maganar jarrabawa ba ce, ba kuwa kukan wake da tuwon ɗakin cin abinci ba, wanda 'yan'uwa suka riga suka cika shafin nan da shi. Labarin babur ne, da waɗansu takardu da na rubuta da hannuna.

Ƙauyenmu yana bayan duwatsu a Jihar Filato, da ɗan nisa daga bakin kwalta. In damina ta yi tsakiya mota ba ta shiga, sai wanda ya gaji da motarsa. Saboda haka babur shi ne jakinmu, shi ne kuma motar asibitinmu. 'Yan acaɓa suna da ƙungiya, da shugaba, da ma'aji, da littafin sunaye. Kowace shekara, in 'yan gari sun komo hutu daga Jos da Kaduna da Abuja, sai a taru a filin firamare a yi bikin ba da kyauta. Akwai ta wanda ya shekara bai yi haɗari ba, akwai ta mai ladabi ga fasinja, akwai ta wanda ya tsinci kayan mutane ya mayar. Kyautar ba wata mai yawa ba ce: takardar yabo, da hular kwano, wani lokaci da galan na baƙin mai. Amma kada wani ya raina ta. Na ga saurayin da a ke kira mahaukacin gudu ya koma tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, don dai a kira sunansa gaban surukansa.

To, a shekaran nan sai shugaba ya aiko a kira ni. Ya ce tun da ya ke ina koyon aikin malanta, hannuna kuwa ba laifi, ni zan rubuta takardun yabo. Ya ba ni sunaye tara. Na ji daɗi ƙwarai, ba na ɓoye muku. Na ɗauki rula da alƙalami na tafi gidan Gwaggo, domin ita ke da tebur mai kyau da fitila mai haske, na yi dare biyu ina zana haruffa.

Bari in gaya muku ko wace ce Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, ungozoma ce a ɗakin shan magani na garinmu, ita ce kuma ta biya mini kuɗin makarantar mishan bayan da Baba ya rasu. Tun ban shiga aji ɗaya ba ta ke hawan babur, irin ƙaramin nan da a ke kira roba-roba. Ranar rigakafi sai ta ɗaure akwatin sanyi na allura a baya da tsohon tiyub, ta bi ƙauyuka har rana ta faɗi. Ta kan sa wando ƙarƙashin zane, abin da ya jawo mata surutu shekara da shekaru. Ta iya wanke fulogi, ta iya faci, ta iya ɗaure sarƙa, ni da na ke namiji a wurinta na koya. Mutane kuwa in sun gan ta ta ɓullo daga bayan dutse, laka har gwiwa, abin da su ke cewa shi ne, “Kai, wannan roba-roba akwai ƙarko!”

A dare na biyu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, aka buga ƙofa, wai wata mata tana naƙuda a ƙetaren rafi. Gwaggo ta ɗauki jakarta. Ni na riƙe mata tocila ta tura babur waje, ni na rufe ƙofa bayanta, sa'an nan na koma tebur na ci gaba da rubuta sunan wanda ya fi kowa taimakon jama'a da babur a shekaran nan. Ko kusa zuciyata ba ta ce mini kome ba. Abin da ke ba ni kunya ke nan har yau. Da a ce na tuna da ita na ji tsoron faɗa, da da sauƙi. Ban ma tuna ba.

Abin da ya buɗe mini ido a nan kwaleji ya same ni. Malaminmu na Tarihi ya ba mu aiki a kan hanyoyin fatake na Sahara, ina cikin bincike a intanet sai na ci karo da labarin waɗansu mata biyu, Turawan Ingila, Theresa Wallach da Florence Blenkiron. Ran 11 ga Disamba 1934 suka tashi daga Landan a kan babur guda ɗaya, ƙirar Panther, mai akwatin zama a gefe, yana kuma jan 'yar tirela ta kaya. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka kutsa cikin hamada. Kafin su kai Agadas inji ya lalace, suka zauna can makonni suna jiran kayan gyara daga Ingila. Da suka tashe shi suka gangaro Kano, watau ta ƙasarmu suka ratsa, suka yi ta tafiya har Keftawun, can ƙarshen kudancin Afirka. Ran 29 ga Yuli 1935 suka isa, bayan tafiyar wajen mil 13,500. Na daɗe ina kallon hotonsu. Abin da ya fara kama idona shi ne yadda suka ɗaure kayansu, domin na san wannan ɗauri.

Daga nan na bar fatake suka yi ta jirana, na bi sawun matan nan don in ga ko an yaba musu. Abin da na samu iri biyu ne, bambancinsu kuwa shi ya fi tsaya mini a rai.

A Ingila a wancan zamani akwai filin tsere da a ke kira Brooklands. Ƙungiyar masu tseren babur ta ajiye wata lamba, Tauraron Zinariya, ga duk wanda ya kewaye filin da gudun da ya wuce mil 100 a awa. Ba a zaman shawara, ba a tambayar ɗan wane ne. Agogo ke yanke hukunci. Florence ta ci lambar a 1934, ita ce mace ta fari. Wata injiniya, Beatrice Shilling, ta ci a wannan shekara. Theresa ta ci tata a 1939, a kan babur ɗin aro ƙirar Norton. Su uku ke nan mata da suka taɓa samunta, kowace kuwa ta samu da ƙuruciyarta, tana ji tana gani.

Ɗaya irin yabon shi ne wanda sai mutane sun zauna sun tuna da kai. Ƙungiyar Masu Babur ta Amurka tana da wani zaure a Jihar Ohayo inda a ke ajiye sunayen gwanayen babur. Theresa ta koma Amurka da zama, ta yi shekaru tana koya wa mutane tuƙi, ta rasu a 1999 tana da shekara 90. Sai a 2003 aka sa sunanta a zauren. Kafin ita akwai waɗansu 'yan'uwan juna biyu, Augusta da Adeline Van Buren, waɗanda a 1916 suka ratsa Amurka daga Niyok zuwa Los Anjalis, mil 5,500, kowace da babur ɗinta, don su nuna mace ma ta iya aikin kai saƙon soja. A hanya 'yan sanda suka yi ta kama su saboda sun sa tufafin maza. Da suka gama, soja ba su ɗauke su ba, waɗansu jaridu kuwa babur ɗin suka yaba, ba mahayan ba. Da na karanta wannan sai na ajiye waya na yi dariya ni kaɗai, ba dariyar daɗi ba. Ashe “akwai ƙarko” ba a garinmu aka fara shi ba. Su sai a 2002 aka rubuta sunayensu, shekara 86 bayan tafiyar.

Wadda ta fi kama da Gwaggo ita ce Bessie Stringfield, baƙar fata ce ta Amurka. Ta ratsa ƙasar ita kaɗai sau da yawa a zamanin da a ke hana baƙar fata ɗakin kwana a masauki, har ta ba da labari da bakinta cewa wani lokaci a kan babur ɗinta ta kan kwana a gidan mai. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi aikin kai takardun soja. Daga baya ta zauna a Miyami ta zama ma'aikaciyar jinya. Ta rasu a 1993. A 2000 ƙungiyar ta ƙago lambar yabo da sunanta, a 2002 aka shigar da ita zauren. An kyauta, ban ce ba a kyauta ba. Amma wa ya gaya mata?

Saboda haka da hutun bara ya zo, kafin a ba ni sunaye na roƙi iznin zuwa zaman kwamiti. Aka yi shi a zauren shugaba. Na durƙusa na gai da su, na ce, “Iyayena, yaro ne ni a cikinku, amma akwai sunan da na ga ya kamata ya shiga, ni ma bara na manta da shi.” Na faɗi sunan Gwaggo. Aka yi shiru.

Ma'aji ne ya fara magana, kuma don gaskiya maganarsa ba ta banza ba ce. Ya ce, “Malam, kyautan nan da kuɗin 'yan ƙungiya a ke sayenta, kowa yana zubi kowane mako. Gwaggonka ba ta cikin littafi, ba ta ɗaukar fasinja, tana kuwa da albashinta. In muka ba ta, gobe malamin gona ma zai ce yana hawan babur.” Ban sami amsa nan take ba. Wani dattijo kuma ya ce in aka kira mace tsakiyar fili aka sa mata hular kwano gaban maza, baɗi kowace mace sai ta ce a saya mata babur. Wannan kam ina da amsarsa, amma na haɗiye, don ya girmi mahaifina.

Sai wani saurayi da ke zaune bakin ƙofa, wanda shi ne ya ci kyautar taimakon jama'a bara, ya ce shi yana da magana. Ya ce akwai wani dare da damina da aka zo neman mai babur, rafi ya kawo, shi da kansa ya ce ba zai fita ba ko nawa za a ba shi. Da gari ya waye ya ga sawun taya ɗaya ya sauka rafin ya fita ta can. Ya ce kowa a zauren nan ya san sawun wane ne. Bai ƙara kome ba, ya sunkuyar da kai.

Ba a ba ta ba. Shugaba ya ce doka ba a canza ta ana gobe biki, amma in rubuto yadda na ke so a gyara in kawo da hutun Ista, a duba. Sa'an nan ya miƙo mini sunaye, tara kamar bara. Na yi tunanin in ƙi karɓa. Amma mutanen nan tara ba su yi mini laifin kome ba, sun kuwa cancanta, saboda haka na karɓa na rubuta, ko da ya ke wannan karo a ɗakina na yi aikin.

Takardar gyaran tana cikin akwatina yanzu, na sake ta sau uku. Abin da na roƙa kaɗan ne. A ƙara kyauta ɗaya wadda ba ta 'yan littafi kaɗai ba, ta duk mai hawan babur a gundumar, a kuma ɗora ta a kan abin da a ke iya ƙirgawa, kamar yawan shekarun da mutum ya yi a hanya ba tare da ya ka da kowa ba. Kuɗinta kuwa mu 'yan gari da ke waje mu tara, don kada ma'aji ya ce an taɓa zubinsu. Wannan dabara daga agogon Brooklands na aro ta. Na san ba kowane alheri a ke iya ƙirgawa ba, daren nan na rafi ba shi da ma'auni. Amma na riga na ga abin da ke faruwa in an dogara ga tunawar mutane, tun da ni ma mutum ne, kuma a teburinta na zauna.

Ranar da zan komo kwaleji na ba Gwaggo labarin duka. Tana tsugune tana duba iskar taya. Ta ce, “Malam, takarda kuma ta mece ce? In suna da kuɗi su saya mini tayar baya, wannan ta suɗe.” Na yi tsammani maganar ta ƙare. Can sai ta ce in sake gaya mata labarin matan nan na Agadas. Ta tambaye ni abin da ya lalace a injin, da yadda suka yi da ruwan sha, da ko su da kansu suka kwance shi. Da na nuna mata hoton ta kawo shi kusa da ido ta daɗe, ta ce kayan sun yi wa babur ɗin yawa.

Ta miƙe ta ɗaure akwatin allura, ta hau, ta buga sau biyu ya tashi. Har ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ta waiwayo ta ce, “In dai har za ka rubuta, ka sa sunana na yanka. Kada ka sa matar wane.”