Ƙugun Tsohon Malami

Shekara 35 Malam ya yi yana tsayuwa a gaban allo, yana kuma taka keke zuwa makarantar firamare ta ƙauyensu, bai taɓa kukan ƙugu ba. Sai da ya yi ritaya, ya mai da tabarmar ƙofar gida wurin yini, sannan wata asuba ya sunkuya zai ɗauki buta ya kasa miƙewa. Zafin bai dame shi ba kamar yadda ruku'u ya fara gagarar sa, har ya koma salla a zaune a ƙarshen sahu, shi da ya saba tsayawa bayan liman.

Abokan hirarsa suka ce sanyi ne, wasu suka ce jijiya ce. A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe, domin kalmar "jijiya" a bakin Bahaushe ta haɗa hanyar jini da igiyar da ke kai saƙon kwanya da kuma abin da ya ɗaure tsoka da ƙashi. Saboda haka wanda ya ce jijiya ce, bai faɗi komai ba tukuna.

'Yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ta zaunar da shi bayan likita ya duba shi. Ta bayyana masa cewa ƙashin baya a daidai ƙugu gaɓoɓi 5 ne, tsakaninsu akwai faifan guringuntsi mai riƙe ruwa, wanda ke bushewa sannu a hankali da shekaru. Tsokoki ne ke tallafe waɗannan gaɓoɓi, wasu dogaye masu miƙar da mutum, wasu gajeru da ke can ciki suna riƙe gaɓa da gaɓa. Daga shekara 30 zuwa sama, tsokar jiki kan ragu da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, kuma raguwar kan ƙara sauri bayan 60. A ƙugu, kitse ne ke kutsawa cikin tsokar ya cike gurbin da ta bari, ta yadda za a ga bayan mutum a cike, alhali ƙarfin ya zurare. Wani masani ɗan Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa wa wannan raguwa suna sarkofeniya a rubutunsa na 1989.

Malam ya ce, "To, ke nan sai in kwanta in huta."

Ta ce, "A'a Baba, ai hutun ne ya kai ku nan. Tsokar da ba a sa ta aiki ba, ita ce ke saurin tafiya."

Gaskiyarta kuwa. A 1990 an wallafa wani bincike da aka yi a Boston a kan tsofaffi masu shekara 86 zuwa 96, inda mako 8 na motsa ƙafa da nauyi ya ninka ƙarfinsu fiye da biyu. Tsokar cinya aka gwada, ba ta ƙugu ba, amma ya nuna tsohuwar tsoka tana jin horo.

Malam bai gamsu nan take ba, don a ganinsa dattijo yana miƙe-miƙe a tsakar gida zubar da girma ne. Sai suka yi sulhu: ya riƙa yin motsin da aka koya masa a ɗaki, ƙofa a rufe, ya kuma bar masallacin ƙofar gida zuwa na bakin kasuwa a ƙasa. Ciwon bai rabu da shi ɗungurungum ba, ranar da aka yi hunturu yakan tashi. Amma kafin azumi ya kama, ya koma sahun farko, sai dai sujada ta biyu yakan dafa ƙasa sosai kafin ya miƙe.